Kombi Mai Ɗaki da Kicin: Motar da Ke Mayar da Mai Ita Makaniki

A cikin duk motocin da aka ƙera a ƙarnin da ya wuce, ban ga wadda ta kai Volkswagen Kombi shiga rai ba, musamman wadda kamfanin Westfalia ya yi wa gado da kicin da rufi mai ɗagawa. Na faɗa da babbar murya, kuma ko a gaban masu Land Cruiser zan maimaita. Mota ce da idan ta ratso layin Zongo a nan Wagadugu, yara su bar ƙwallo su biyo ta, mai shayi ya ɗaga ludayi ya gaishe ta, dattijon da ke kan tabarma ya gyara zama ya ce rabonsa da ganin irinta tun zamanin Shugaba Lamizana. Sai dai duk wanda ya gama santin kyanta, tambaya ɗaya yake ƙarewa da ita: “To Malam, ni da ban taɓa riƙe sifana ba, zan iya da wannan tsohuwa kuwa?”

Amsata ita ce, za ka iya, har ma ka ji daɗi. Ba don ba ta lalacewa ba, a'a, tana lalacewa son ranta. Dalilin shi ne ba ta ɓoye ciwonta, kuma gyaranta a fili yake, wanda duk ya iya ɗaure dunƙulen buhu zai iya koya.

Asalinta

Wani dillalin motoci ɗan ƙasar Holan mai suna Ben Pon ne ya zana siffarta a ɗan littafinsa a 1947, bayan ya ziyarci masana'antar Volkswagen da ke Wolfsburg a Jamus. A watan Maris na 1950 aka fara ƙera ta, aka ɗauko injin Beetle aka dasa mata a baya, aka zaunar da direba can gaba a kan tayoyi. A 1951 Westfalia ya fara saka mata kayan kwana. Samfuri na biyu, mai gilashin gaba guda ɗaya babba, shi ne aka yi daga 1967 zuwa 1979 a Jamus, kuma a kansa nake magana, don tawa ƙirar 1974 ce mai inji 1600.

Abin da zai nuna maka ingancin wannan ƙira shi ne daɗewar da ta yi ana buga ta. Jamus ta daina, Brazil ta ci gaba har watan Disamba na 2013. Ba kuma rashin masu saye ne ya tsayar da ita ba, doka ce ta zo ta ce daga farkon 2014 kowace sabuwar mota sai da jakar iska da birkin zamani, ita kuwa ba ta da inda za a saka su. Shekara sittin da uku ana ƙera iyali ɗaya na mota! Tubarkalla.

Mu a nan yankin ba baƙuwarmu ba ce. Masana'antar Volkswagen da aka buɗe a Legas a 1975 ta harhaɗa Beetle da Kombi, kuma Kombi ce asalin danfo, motar hayar da ta cika titunan Legas. Ta arewa kuma, a shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa sun riƙa keto Sahara da tsofaffin motoci, su biyo ta Tamanrasset, su shigo Asamaka, su wuce Arlit da Agadas, su sayar a Yamai ko Wagadugu ko Lome, su hau jirgi su koma gida. Yawancin abin da suke kawowa Fijo 504 ne da Marsandi, amma a cikinsu akwai masu gado. Ragowar waɗannan ne ake tsinta yau a bayan garaji, kaji sun mayar da su akurki.

Shiga ciki ka sha kallo

Tsawonta duka bai wuce mita huɗu da rabi ba, amma ka ja ƙofar gefe ka leƙa, sai ka rantse an yi tsafi. Kujerar baya, ka ja ta gaba, ta miƙe ta zama gadon mutum biyu. Ka kwance maƙallan rufi ka tura sama da hannu biyu, sai rufin ya ɗaga ta gaba, tamfol ya miƙe ta kowane gefe, ga wani gadon a sama, kai kuma ka tsaya cak a tsakiyar mota ba tare da ka sunkuya ba. Ga ɗan kwamin wanke kwanuka da famfonsa na hannu. Ga teburin da ke naɗewa. Ga akwatin sanyi. Ga durowoyi a kowace kusurwa, har da siririn wurin rataye kaya wanda babbar riga ke shiga ba ta yamutse ba. Tagogin gefe jere ne na gilasai da ake murɗawa su buɗe, da ragar sauro a bayansu, wato ko ruwa ake yi iska na shiga, sauro kuma yana waje yana kuka.

Wanda ya tsara cikin motar nan ya san tafiya. Babu tazarar yatsa ɗaya da aka bari a banza. Ni na ƙara da abin da Bajamushe bai sani ba: buta biyu a ƙarƙashin kwami, darduma a naɗe bayan kujera, da ɗan kurfoti na shayi.

Mu kuwa jinin tafiya ne. Kakanninmu fatake ne da suka riƙa bin hanyar goro daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gurma da ta Mosawa, wasu suka sauke kaya a Wagadugu ba su ƙara ɗauka ba. Tun da aikin sabunta tsakiyar gari na ZACA ya rushe tsohuwar unguwar Zangouettin a 2003, aka watsa jama'a zuwa Ouaga 2000 da Nioko da sauran gefen gari, zumunci ya koma sai da abin hawa. Ga dangi a Bobo Julaso, ga su a Tamale da Kumasi. Biki ko suna ko ta'aziyya, ka isa gidan da ya cika maƙil da baƙi, maigida yana ta kame-kamen inda zai sauke ka, sai ka ce masa, “Alhaji, kwantar da hankalinka, da ɗakina na zo.” Wannan daɗin kaɗai ya isa a sayi motar.

Injin da ba ya shan ruwa

Ga inda sabon shiga zai fara samun sauƙi. Injin Kombi iska ce ke sanyaya shi. Babu lagireto, babu famfon ruwa, babu tiyon ruwa da zai fashe maka a tsakiyar daji. Babu kwamfuta ko ɗaya a jikinta, don haka babu ranar da za a ce sai an jona ta da na'ura kafin a san abin da ke damunta. Ka ɗaga murfin baya, komai yana kallonka: ga kabureta a tsakiya, ga delko da wayoyinsa huɗu masu zuwa fulogi, ga famfon fetur, ga dinamo, ga fambel guda ɗaya tak. Kamar tsohon keken ɗinki take, irin na iyayenmu mata: kana ganin kowane ƙarfe da aikinsa, ka ɗiga masa mai a kan lokaci ya yi maka shekara hamsin.

Tsohuwar mota irin wannan idan ta ƙi tashi, kusan kullum ɗayan biyu ne, ko wuta ba ta zuwa ko fetur ba ya zuwa. Wanda ya riƙe wannan ya riga ya san rabin gyaranta.

Ba ni na fara cewa jahilin inji zai iya da ita ba. A 1969 wani injiniya Ba'amurke mai suna John Muir ya wallafa littafi sukutum a kan kula da Volkswagen mai sanyaya da iska, ya cika shi da zane-zane, ya kuma rubuta shi musamman domin wanda bai san komai ba. Har yau ana sake buga shi. Ba za ka ji an yi wa motar zamani irin wannan littafi ba, domin masu ƙera ta ba su so ka taɓa.

Darasin asuba

Aikin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne saita bawul, duk bayan kilomita 5,000, kuma sai inji ya kwana ya huce sarai. Wani dattijon makaniki da ya yi zamani da Beetle shi ya koya mini, bayan sallar asuba, kafin rana ta fito.

Ya shimfiɗa kwali a ƙasa kusa da tayar baya, ya miƙo mini sukudireba. “Kwanta, ɗana. Ka ga wannan wayar mai kauri da ta danne murfin? Sa bakin sukudireba ka banƙaro ta ƙasa.”

Na banƙara, ta yi ƙas, murfin ya saki, ɗan baƙin mai ya ɗigo mini a hannu. Ga bawul huɗu a jere suna sheƙi.

“Baba, in na ɓata fa?”

“Me za ka ɓata? Ƙarfe ne, ba ƙwai ba.”

Ya koma baya ya juya fulin inji da sifana har alamar da ke jikinsa ta daidaita da tsagar tsakiyar inji. Ya ba ni wani siririn ƙarfen awo, an rubuta 0.15 a jikinsa. Ya ce in zura shi a tsakanin kan bawul da abin da ke danna shi. A na farko ya shige da ɗan jan jiki, ya ce wannan lafiya lau. A na biyu ya ƙi shiga sam.

“Yauwa, ga ɓarawon. Wannan ya matse. In ka bar shi, ba zai zauna ya huce ba, sai ya ƙone, wata rana kansa ya guntule ya faɗa cikin inji. Sassauta noti, juya sukurun baya kaɗan. Zura. Ya ja? To riƙe sukurun kada ya motsa, ɗaure noti. Sake aunawa.”

Haka muka bi silinda huɗu ɗaya bayan ɗaya, ana juya fuli rabin zagaye a tsakani. Aka sa sabon gasket, aka mayar da murfi. Da na murɗa makulli, sautin ya fito tsaf, wannan fat-fat-fat ɗin da duk masoyin Volkswagen zai gane ko daga bayan katanga. Kai, ranar ko sarauta aka ba ni iyakar murnar ke nan!

Sauran ayyukan duk ba su kai wannan ba. Juyen baƙin mai lita biyu da rabi ne kacal, shi ma duk kilomita 5,000, ko ƙasa da haka a lokacin ƙura. Ba ta da filtar mai irin ta zamani, wata 'yar raga ce a ƙarƙashin inji da noti shida ke riƙe da murfinta, a wanke ta da fetur a mayar. Tazarar kontak a cikin delko milimita 0.4 ce. Fambel kuwa fulin dinamo gida biyu ne da wasu siraran wasa a tsakani: ka rage su bel ya ɗaure, ka ƙara su ya sassauta.

Abin da Bature ke tsoro, da abin da mu za mu ji tsoro

A Turai abin da ke hana sabon shiga sayen irin wannan mota shi ne kuɗin aiki, domin makaniki da awa yake caji, kayan gyara kuwa ana kawo maka har ƙofa. Mu namu a juye yake. Hannu muna da shi: mai walda, mai faci, mai wayarin, mai ɗinkin kujera, duk a cikin unguwa, da kuɗin da ba zai karya ka ba. Tamfol ɗin rufi ya yage? Telan da ke ɗinka rumfar shago zai yanka maka sabo. Wahalarmu kayan inji ne, da kuma wanda ya san injin.

Wagadugu garin babura ne, sai Marsandi 190 koraye na tasi da Toyota. Yaran garaji na yanzu da yawa ba su taɓa buɗe inji mai sanyaya da iska ba. Saboda haka kafin ka nemi mota, nemi dattijon da ya san ta. In ka same shi, ka riƙe shi hannu bibbiyu, ka riƙa kai masa goro ko ba ka da gyara. Wanda bai san ta ba, abu na farko da zai yi shi ne ya cire gwangwanayen da suka lulluɓe injin ya jefar, wai don ya sha iska. Wannan kuwa kisan kai ne, domin su ne ke bi da iskar fanka ta kan silinda. Haka robar da ta zagaye injin, ita ke hana zafin salansa dawowa ciki.

Kaya kuma ana samu in an san hanya. Injin 1600 kusan ɗaya ne da na Beetle, wadda aka ƙera fiye da miliyan 21, ta ƙarshe ta fito daga Puebla ta ƙasar Meziko a watan Yulin 2003. Don haka har gobe ana buga kayansa sababbi. A kusa da mu akwai Suame Magazine a Kumasi, akwai Ladipo a Legas, akwai Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Mu da ba a rasa mu da ɗan'uwa mai zirga-zirga a waɗannan garuruwa, saƙo ɗaya ta WhatsApp da hoton abin ya wadatar. Sai dai a yi haƙuri, abin da za a gyara a wuni ɗaya yakan jira mako biyu.

Sharuɗɗan zama lafiya

So bai hana faɗin gaskiya. Iskar da ke sanyaya injin nan ita ce iskar Wagadugu, wadda a watan Afrilu take haura digiri 40. Don haka a bazara tafiyar sassafe ake yi da ta yamma, a huta da tsakar rana. Gudu kada ya wuce 80, ko da allura na nuna akwai saura. Dokinta hamsin ne kawai, tana ɗauke da gado da kicin. Tafiyar Bobo, kilomita wajen 360, wuni za ka ba ta. Manyan bas za su wuce ka suna hon, ka ɗaga musu hannu.

Jar fitilar dinamo in ta kama kana tafiya, tsaya nan take. Mai yiwuwa fambel ne ya tsinke, kuma shi ke juya fanka, mintuna kaɗan sun isa inji ya ƙone. Ta mai in ta kama, kashe inji kafin ma ka gama fakin. Tiyon fetur kuwa, ranar da ka sayi motar ranar za ka canza shi duka, ka ɗaure kowane baki da kilif, ka ajiye abin kashe gobara kusa da kujerarka, domin tsohon tiyo a kan inji mai zafi shi ke yawan ƙona waɗannan motoci. Fetur ɗin kwalba na bakin titi a bar wa babura. Lokacin hunturu a riƙa duba matatar iska a kai a kai.

Ba ta da na'urar sanyi, sitiyarinta da ƙarfin damtse ake juya shi, kuma tsakanin gwiwarka da titi falle ɗaya ne na ƙarfe. A garin da babura ke fitowa ta dama da hagu, sai a bar tazara a kuma taka a hankali. Amma fa a hanyar jar ƙasa ta unguwa bayan ruwan Agusta, nan za ka ga sarauniya. Cikinta a ɗage yake, nauyin inji yana kan tayoyin da ke turawa, sai ta ratsa taɓon da ƙananan motocin zamani ke tsayawa suna kallo.

Batun inda za a je shi ma sai da lura. Halin tsaro ya sa hanyoyin arewa da gabas ba na yawon shaƙatawa ba ne a yanzu, kuma kwana a daji ba shi ne wayo ba. A tambayi direbobin tasha kafin a kama kowace hanya, a kwana cikin gari a ƙofar gidan da aka sani. Na kusa ma sun isa sabon shiga ya gwada hannunsa: dam ɗin Loumbila, duwatsun da aka sassaƙa a Laongo kusa da Ziniaré, kadojin Bazoulé. Duk wuraren da in ta yi gardama, dattijonka zai iso ka a kan babur kafin shayi ya huce.

In za ka saya

Inji ba shi ne abin tsoro ba, manyan ƙusoshi huɗu ne suka haɗa shi da giya, ana sauke shi a sake shi. Tsatsa ce abokiyar gaba. Busasshiyar iskarmu tana tausaya wa ƙarfe, amma motar da ta yi shekaru a Lome ko Kwatano ko Tema ta sha gishirin teku. Ka shiga ƙarƙashinta da tocila, ka duba wuraren sa jak, da dogayen ƙarafan gindi, da mazaunin batir, da ƙasan gilashin gaba. Ka bi jikinta da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa mastik aka cusa. Ka kama fulin inji ka ja gaba da baya, in ka ji yana ƙwanƙwasawa a fili, injin ya gaji. Kayan katako na ciki in suna nan na asali, wannan babbar riba ce. Ka tabbatar lambar da ke jikin mota ta yi daidai da ta katin mota, kuma za ta iya tsallake binciken lafiyar mota na CCVA. Kada ka kashe kuɗinka duka a saye, ka ware kaso mai kauri na gyaran farko: birki, taya, tiyo, wayoyi.

A ƙarƙashin kujera kuma kullum a samu fambel, kontak da kwandensa, fulogi, wayar kuloci da ta totur, galan ɗin baƙin mai, da sifanu 10 da 13 da 17.

Hukuncina

Wanda yake son motar da zai murɗa makulli kullum ya isa ofis ƙarfe bakwai, ba ya son baƙin mai ya taɓa masa shadda, ya nemi Corolla, Allah ya ba da sa'a. Wanda ba shi da wani abin hawa sai ita, shi ma ya dakata har ya samu ko babur ne. Wanda ya fi son dizal da kayan gyara a kowace tasha, akwai Marsandi 207 wadda ita ma Westfalia ya yi wa ɗaki, kuma ba na raina ta.

Amma mai sha'awa, mai haƙuri, wanda zai iya ware safiyar Asabar ɗaya a wata ya kwanta a kan kwali, wallahi ban san motar da ta fi dacewa da shi ba, ko da bai san bambancin fulogi da fiyus ba a yau. Rashin sani ba shi ne cikas ba, ƙyuya ce cikas. Kafin shekara ta zagayo zai riƙa gane ciwon injinsa da kunne, maƙwabta su fara kiransa in tasu ta ƙi tashi. A wajen kyau na ba ta goma bisa goma, a sauƙin gyara goma, a gudu uku, kuma ko a jikina. In ka ji labarin wata tana kwance a bayan wani garaji, kada ka yi shawara da kowa sai dattijon makaniki, ku tafi tare da tocila da maganaɗisu tun kafin wani ya riga ka.